Taku Ɗari Biyu Daga Ƙofar Makaranta

Ranar Laraba da hantsi ina zaune a barandar gidana a Gyadi-Gyadi, tabarau a hanci, jarida a cinya, sai na ji a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofa. Ba na tsammanin kowa. Halina ya daɗe da koya wa mutane su yi waya kafin su zo. Wadda ta shigo Saratu ce, mai masa, 'yar mutanen Filato, wadda ta tsufa tana suya a ƙofar makarantar da na shugabanta. Na dubi hannunta, ban ga kwano ba. Tun da na san Saratu ba ta taɓa shigowa gidana hannu rabbana ba, don haka kafin ta buɗe baki na riga na cire tabarau.

"Hajiya," ta ce, "Malam Tanimu ya tafi. Da asuba. Matarsa ta ce a gaya miki."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ninke jaridar gida huɗu, na ɗora a kan tebur, na daidaita gefenta da gefen teburin, kamar akwai wanda zai zo duba aikina. Kafin azahar an kai shi makwancinsa a maƙabartar Tarauni.

Waɗanda suka fi ni kusa da shi za su ba da labarin haƙurinsa da riƙon ibadarsa, kuma duk abin da za su faɗa gaskiya ne. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai wani yabo da nake sanye da shi fiye da shekara ashirin, ba kuwa a jikina aka ɗinka shi ba. Mai shi ya rasu ban tuɓe na miƙa masa ba. Zan tuɓe shi a nan, a gaban waɗanda suka san shi da waɗanda suka san ni.

Malam Tanimu ya fara aiki yana saurayi, akawu a majalisar dokoki, a zamanin farar hula na wancan karon. Aikinsa rubuta abin da aka faɗa, da mayar da daftarin doka cikin Hausar da mai kayan miya zai gane. Da sojoji suka dawo aka rufe zauren, aka rarraba ma'aikatansa, shi rabonsa ya faɗo makarantata a matsayin malamin Hausa. Ina tuna ranar da ya zo: siriri, dogo, a kan keke, da guntun alli a soke a naɗin hularsa. Ya tsaya a ƙofar ofishina bai shigo ba sai da na ce ya shigo, bai zauna ba sai da na ce ya zauna. Wannan ya yi mini daidai, domin ni mace ce mai son a san inda kowa ya tsaya. Ban san cewa mutumin da zai fi kowa girgiza ni a rayuwata ne ya zauna a bakin kujera yana riƙe da takardarsa da hannu biyu ba.

Ba a yi wata guda ba na fara jin hayaniya daga ajinsa. Na leƙa ta taga, na tarar an ture bencina gefe, wata yarinya ta zama alƙali, wani ya zama ɓarawon akuya, wani kuma, Allah Ya shirye shi, ya zama akuyar. Malam Tanimu ba ya koyar da abu a zaune in ana iya koyar da shi a tsaye. Hatta dokokin makaranta da na rubuta da hannuna na liƙa a allon sanarwa, sai da ya sa yara suka taka su ɗaya bayan ɗaya. Na kira shi ofis na tambaye shi ko makaranta na ba shi ko dandali.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, takarda ba ta gumi. In ba a sa mutum ya ɗauke ta ba, ba a sanin nauyinta."

Na ce masa ya riƙa rufe taga. Abin da ya yi ke nan, har shekara goma sha biyar.

Matasan yau ba za su gane yadda garin nan ya kasance ba a damunar da sojoji suka koma bariki karo na ƙarshe. Ni kaina in na tuna, sai in ga kamar a ruwa nake hango shi. Ganyen darbejiya ya yi kore shar, kududdufai sun cika suna ɗauke da sama a cikinsu, kowane bango liƙe da fuskar ɗan takara tana jiƙewa tana bajewa. Mutanen da suka shekara suna magana ƙasa-ƙasa a teburin mai shayi suka ɗaga murya. Kowa yana da dokar da yake so a kafa. Direbobin bas suna da tasu, matan kasuwa suna da tasu, ni ma ina da tawa, na daɗe da ita a zuciya.

Dalilinta kuwa ba na raini ba ne, kuma ba zan yarda a ce haka ba. Shekaru kaɗan kafin nan amai da gudawa ya shiga makarantata. Yara da dama suka kwanta, wata yarinya 'yar aji uku ba ta tashi ba. Ni na je gidansu gaisuwa, ni na cire sunanta daga rajista. Ba a taɓa tabbatar da abin da ta ci ba, amma tun daga ranar duk tiren abinci da na gani a buɗe a ƙofar makaranta, ƙuda na binsa, fuskarta nake gani.

Da sababbin kansiloli suka kafa kwamitin tsaftar makarantu, aka sa ni a ciki, aka kuma ɗauko Malam Tanimu ya zama sakatare saboda tsohon aikinsa. A zama na biyu na kawo daftarina a buge, babu gyara ko ɗaya. Sashe na huɗu ya ce: an hana sayar da kowane irin abinci a tsakanin taku ɗari biyu daga ƙofar kowace makaranta, wanda ya saɓa, duba-gari zai tashe shi. Shugaban kwamitin, wani Alhaji mai fara'a da babbar riga, ya ce Turancin ma kaɗai ya isa a sa hannu. Aka ba Malam Tanimu ya mayar Hausa, a kai majalisa a zartar.

Ya karanta, ya sake karantawa, leɓɓansa na motsi. Sa'an nan ya ɗago ya ce, "Hajiya, in an ce an zartar da doka, me aka yi?"

Na ce masa kowa ya sani: an karanta, an ɗaga hannu, an sa hannu, an buga hatimi.

Ya ce, "Wannan an rubuta ta ke nan. A nawa ɗan sanin, doka rawa ce ake raba wa mutane su taka, ba tare da an tambaye su ba. Ga mai kamawa, ga wanda ake kamawa, ga masu kallo. Ba ta zartu ba sai ranar da wani ya taka ta a titi. To tun da mu muka rubuta, ina roƙon mu fara takawa, kafin mu miƙa wa mutane."

Alhaji ya yi dariya ya ce ai dimokuraɗiyya ce, a bar Malam ya yi wasansa. Aka sa ranar Asabar.

An yi ruwa kafin wayewar gari. Muka haɗu a ƙofar makarantata: ni, da Alhaji, da kansiloli biyu, da Malam Tanimu. Ga Saratu a gefe, an kira ta, da tandarta ta suyar masa, da tukunyar ƙullu, da 'yan itace, da tire. Ban yi magana da ita fiye da amsa gaisuwa ba kafin ranar, ko da yake kullum ta gabanta nake wucewa. Na san dai mijinta ya rasu a aikin gwamnati ya bar ta da yara huɗu, biyu daga ciki ɗalibaina ne.

Malam Tanimu ya ɗauki tiren da hannu biyu, ya nufo ni. "Hajiya, ke kika rubuta, ke ya kamata ki zama mai masa."

Abin da na ce masa ina jinsa a kunnena har yau, kalma bayan kalma. Na ce, "Malam Tanimu, mahaifina bai sayar da gonarsa ya kai ni karatu har ƙetare don in ɗauki tire a Gyadi-Gyadi ba."

Bai nuna ya ji zafi ba. Ya rusuna kaɗan ya ce, "To, an ba ki duba-gari. Saratu ta zama Saratu." Ya miƙo mini daftarina da biro. Na karɓa da sauri, domin a ganina wannan ce rawar da ta dace da ni.

Saratu ta naɗa gammo, aka ɗora mata kaya. Malam Tanimu ya shige gaba yana ƙirga taku da ƙarfi, mu muna biye. A na ɗari biyu ya tsaya. Saratu ta sauke, ta jera duwatsun murhu. Sai ga karatun yara yana tasowa daga bayan wani koren ƙyaure da ke gabanmu.

"Ranki ya daɗe duba-gari," in ji shi, "wannan Islamiyya makaranta ce ko ba makaranta ba ce?"

Na dubi takardata. Kowace makaranta, haka na rubuta. Na ce, "Makaranta ce."

"Me doka ta ce?"

"Ta tashi."

Saratu ta ce, "Haba Hajiya, ko ashana ban ƙyasta ba fa."

Aka sake ɗora mata. Taku ɗari biyu suka kai mu wani gida da aka mayar makarantar rainon yara, an zana raƙumin dawa a bangonsa. Ta tashi. Wasu ɗari biyun suka kai mu shagon koyon buga tafireta, da allonsa a sama an rubuta makaranta ɓaro-ɓaro. Alhaji ya share gumi da hannun riga ya ce, "Hajiya, wannan dai a yi mata afuwa, manya ne a ciki." Na ce doka ba ta ware manya ba. Ni na faɗa, da bakina, domin na gwammace in bi rubutuna har ƙarshe da in ce na yi kuskure a gaban kansiloli. Ta tashi.

Daga nan lissafin ya ɓace mini. Abin da ya rage a raina kamar mafarki ne. Rana ta fito a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tururi na tashi. Muryar Malam Tanimu tana ƙirga a gaba, ba ta sauri, ba ta gajiya. Mutane sun fara bin mu, masu faci da 'yan acaɓa da mata daga ƙofofin gidaje, ba su san abin da ake yi ba amma sun ga manya suna bin mai masa. Ƙullun yana kumbura a tukunya saboda zafi, yana malalowa ta gefe, yana gangarowa a wuyan Saratu kamar farin zare. A cikin kowane kududdufi ina ganin mu a kife, muna tafiya a kan gajimare. Na shekara talatin ina aikin ilimi a unguwar nan, ina alfahari da yawan makarantunta a duk taron da aka ba ni magana, amma ban taɓa auna tsakaninsu da ƙafa ba. Duk inda matar nan ta sauke kayanta, akwai wata ƙofa da yara ke shiga da littafi.

Can sai ƙirgar ta tsaya, ba a ji karatun kowa ba. Muna gindin doguwar katangar maƙabartar Tarauni. Malam Tanimu ya bar mu a tsaye, ya taka gabas ya dawo, ya taka yamma ya dawo. Ya ce, "Duba-gari, nan fa?"

Na duba ko'ina. Na ce, "Nan ya halatta."

Saratu ta sauke kayanta a hankali. Ta warware gammon ta share wuyanta. Ta dubi katangar tun daga wannan ƙarshe har wancan, ta dube ni, sa'an nan ta ce, "To, madalla. Nan kam ba yaron da zai yi gudawa. Malam, leƙa ka tambaye su, da yaji suke so ko da sukari?"

Jama'a suka fashe da dariya, har Alhaji sai da ya dafa kansila. Dariyar ba ta daɗe ba, domin kowa ya tuna inda yake. Malam Tanimu bai yi ba ko kaɗan. Ya fuskanci katangar ya yi wa mazauna cikinta sallama, kamar yadda aka koya mana. Sa'an nan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji sai ni, ya ce, "Hajiya, yanzu dokarki ta zartu."

Na miƙa wa Alhaji takardar, na tare tasi, na koma gida.

Ranar Litinin na tarar da ambulan a kan teburina. Sabon sashe na huɗu ne, da rubutun hannunsa mai kwanciya. Ya ce a ware wa masu abinci rumfa a gefen ƙofar kowace makaranta. Kowane tire da murfi. Bokitin ruwa da sabulu a gaban kowace mai sayarwa. Duba-gari ya riƙa zagayawa. Duk abin da na so don yarinyar nan 'yar aji uku yana ciki, ba tare da an kori kowa ba. A ƙasa, wurin sunan mai gabatarwa, sunana ya rubuta. Na karanta sau uku. Na gyara masa waƙafi biyu. Na sa hannu.

Haka aka kai ta majalisa, haka ta wuce. Ba a yi wata biyu ba matan da ke sayar da abinci a ƙofofin makarantu, daga Gyadi-Gyadi har Daurawa, suka zo gidana a ƙungiya suna guɗa, suna cewa dokar Hajiya ta rufa musu asiri. Na fito baranda, na karɓi godiyarsu, na yi musu nasiha a kan wanke hannu. Sunan ya bi ta. Ranar da aka yi taron sallamata daga aiki, mai jawabi ya ambace ta a cikin manyan ayyukana. Malam Tanimu yana layi na uku, na ga yana tafi, kuma tafin gaske yake yi.

Daga ranar katangar maƙabarta har na bar aiki, abin da ke tsakanina da shi bai wuce "Malam, ina gajiya" da "Ranki ya daɗe, ba gajiya" ba. Ban cuce shi a aiki ba, na rubuta masa shaidar da ta dace duk shekara. Amma ban sake leƙa tagar ajinsa ba. Na ɗauka ya tozarta ni a gaban unguwa. Sai da na tsufa na lura cewa maganar da ta fi zafi a ranar, a kunnena kaɗai ya faɗe ta, kuma bai taɓa maimaita labarin ga kowa ba. Matarsa, Hajiya Rabi, ta gaya mini a wurin zaman makoki cewa ko ita a bakin mutane ta ji. Da ta tambaye shi don me ya bar sunan wata a kan aikinsa, sai ya ce mata, "Wanda ya shirya wasa ba ya fitowa fili. In yara sun ci masa mai tsafta, an gama."

Saratu kuwa ta sani, ai a wuyanta aka rubuta. Duk sallah, ƙarama da babba, takan kawo mini masa a kwano mai murfi, ta ajiye ta ce, "Ga na mai doka," ta ɗan dube ni ta wutsiyar ido. Ni kuma in ce, "An gode, Saratu." Haka muka yi ta yi, ita ta san na sani, ni na san ta sani, har muka wayi gari mun zama abin da ban da wata kalma gare shi sai ƙawaye.

Ganina da shi na ƙarshe bara ne, a ƙofar wani gidan suna a Hotoro. Idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan farar kujera a inuwa. Na yi sallama, ya karkata kai ya saurara, sai fuskarsa ta washe.

"Wa nake ji kamar duba-gari?"

Na ce, "Malam, har yanzu ba ka daina wasa ba?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, saura fitowa ɗaya a rufe labule."

Maganar da na daɗe ina son gaya masa tana kan harshena. Kalma uku ce, na sha jera su a gaban madubi. Sai mai a-daidaita-sahun da na tsayar ya danna ham, na ce masa a gaida gida, ya ce in sauka lafiya. Tun daga lokacin, in na kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗan ɗauke ni, sai in gan mu a kan hanyar nan, ƙasa na tururi, yana gaba yana ƙirga. Ina ɗaga ƙafa in cim masa, amma kullum taku ɗaya ne tsakaninmu, kuma kafin ya kai ɗari biyu nake farkawa.

Ranar sadakar uku na je gidansa a Daurawa. Saratu tana tsakar gida tun safe ta kafa tanda, ita da 'yarta, suna suyar masar sadaka. Ba wanda ya sa ta. Na zauna kusa da ita a kan tabarma, abin da ba a saba gani na yi ba. Tana juya masa da tsinke ta ce, "Hajiya, in gaya miki wani abu? Duk sallah shi ma ina kai masa. Kwanonsa ya fi naki girma."

Na ce, "Da kin kawo mini babban, da na raina hankalinki."

Aka rarraba wa maƙwabta. Saura tire ɗaya, wanda Hajiya Rabi ta ce a kai wa masu haƙar kabari da ke zama a ƙofar maƙabarta. Ana neman wanda za a aika, sai na ji bakina ya ce, "A ba ni."

Hajiya Rabi ta ce, "Haba Hajiya, ga yara cike da gida." Saratu ta ajiye tsinken ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Da wannan gwiwar taki?"

Na ce, "Ki naɗa mini gammo, Saratu. Ban iya ba."

Ta cire ɗankwalinta na sama ta naɗa, ta ɗora mini a kan mayafi, ta aza tiren, da murfinsa kamar yadda sashe na huɗu ya ce. Muka fita, ina gaba tana baya.

Na yi karatu a ƙasashe biyu, amma abin da na koya a wannan tafiya ba a taɓa gaya mini shi ba. Nauyin tire ba a ka yake ba, a wuya yake da ƙugu. Mai tire ba ta iya waiwaye, in an gaishe ta sai dai ta amsa wa iska. Zafin masa yana ratsa gammo ya sauka a tsakiyar kai. Kuma ba a ganinta. A titin da mutane ke miƙewa tsaye in na wuce, wani da na koya wa karatu da hannuna ya wuce ni a mota bai ko rage gudu ba, wani mai a-daidaita-sahu kuma ya leƙo ya ce, "Iya, matsa mana gefe, hanyar ba ta gadonki ba ce!" Saratu ta buɗe baki za ta rama mini, na ce ta ƙyale shi, yaron ya taka rawarsa daidai. Tana bayana tana ƙirga a hankali. Duk taku ɗari biyu sai na tsaya, ba don wata doka ba, don gwiwa.

Masu haƙa suka karɓi tiren, suka yi addu'a, ba su san ko ni wace ce ba. Ban shiga ba, na tsaya inda mata ke tsayawa. Na bi gindin katangar har daidai wurin da Saratu ta sauke kayanta a wancan ƙarnin. An sake fenti, darbejiyar da ke wurin ta yi girma har ta leƙa ciki. Na yi sallama kamar yadda na ji ya yi. Sa'an nan na faɗi kalmomin nan uku, da muryar da nake magana da ita a taron safe, don kada a ce na faɗa a ɓoye: "Ka yi gaskiya."

Ko ya ji ko bai ji ba, wannan sanin na Allah ne. Amma ku kuna ji. Dokar da ake kira da sunana ba tawa ba ce. Tawa ta ƙare a gindin katangar maƙabarta, inda ba mai saye. Wadda ta ciyar da 'ya'yan Saratu, ta kuma sa murfi a kan abincin 'ya'yanku, Malam Tanimu ne ya rubuta ta, abin da na sa a ciki waƙafi biyu ne. Ina roƙon duk wadda ta taɓa yi mini guɗa saboda ita, ta mayar da guɗar addu'a, ta aika inda ya dace.

Ya Allah, ga bawanKa Tanimu ya zo gare Ka, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya shi kamar ƙasar da aka yi wa ruwa da asuba. Yadda ya rufa asirin wadda ta yi masa girman kai, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Duk takun da ya yi don kada a kori mai neman halali, Ka sa shi a mizaninsa. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu, Ka sa albarka a abin da ya bari. Mu da muka rage a wannan gefen katanga, Ka nuna mana kuskurenmu tun masu haƙƙi suna iya jin muryarmu, Ka sa mu cika da imani. Amin.